Yadda Na Rina Teburin Keken Kakata Baƙi Wuluk

 Yau zancen katako na kawo muku. Na san wata za ta ce ina ruwan mace da katako, ai wannan sha'anin kafinta ne. To, ki yi haƙuri ki karanta tukuna. Kowace mace da ke da ɗaki tana da kujera ko tebur ko akwati, kuma ran da abin ya lalace ita ce ke jin kunyar baƙi, ba kafinta ba. Ni abin da ya same ni ke nan, har ya kusa raba ni da abin da na fi ƙauna cikin gadon uwata.

Gidanmu a Gonin Gora ya ke, kudu da kogin Kaduna, a bakin hanyar da ta tafi Abuja. Asalin zuwan mutanenmu wannan gefe kuwa aikin masaƙa ne. A 1957 aka fara saƙa a babbar masaƙar Kaduna da ke Kakuri, mutane suka yi ta kwarara daga garuruwa suna neman aiki, kakana na wajen uwa yana cikinsu. A zamanin nan Turawa ma'aikata in za su koma ƙasarsu su kan yi gwanjon kayan gidansu. A irin wannan gwanjo ne, jim kaɗan bayan samun mulkin kai na 1960, ya saya wa kakata keken ɗinki na Singer, mai takawa da ƙafa, da teburinsa mai aljihu huɗu. An ƙera shi a ma'aikatar kamfanin da ke kusa da birnin Gilasgo a Sikotilan, wadda aka rufe tun 1980. Ma'aikatar ta mutu, keken yana nan yana ɗinki.

Da wannan keke Kaka ta yi ta ɗinka rigunan 'yan makaranta da kayan salla, da shi ta biya wa 'ya'yanta kuɗin littattafai. Da ta tsufa ya koma hannun Inna, watau mahaifiyata. Ni ma a ƙarƙashinsa na yi rarrafe, a kansa na koyi sa zare a allura. Inna ta rasu ina shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai ta Gidan Waya, kusa da Kafanchan. Aka rufe ɗakinta, aka tura keken lungu, aka ɗora masa tarkace: dutsen guga na gawayi, da gwangwanaye, da wani tsohon almakashi. Damina ta zo, kwanon rufi ya yi yoyo daidai wurin, ba wanda ya lura. Da na komo na ɗaga kayan nan sai na ga kowane ƙarfe ya bar hotonsa a kan tebur. Ga zoben gwangwani har uku, ga siffar dutsen guga, ga almakashi a buɗe, duka baƙi ƙirin kamar an zana da tawada. Na sa sabulu, na sa toka, na sa kananzir, ko gezau.

Ana nan sai aka sa ranar aurena. Gwaggo, yayar Baba, ita ce ta tsaya a kan maganar kayan ɗaki. Ta zo ta dubi keken, ta riƙe haɓa, ta ce, "Ke 'yar nan, wannan ba zai shiga ɗakinki ba. A kira mutanen Panteka su auna ƙarfen, a ƙara kuɗin a saya miki madubi na zamani." Na ce, "Gwaggo, ai na Inna ne." Ta ce, "Don na uwarki ne na ke faɗa. Ran jere mata za su cika ɗakin nan suna ƙirga kaya da ido. In sun ga tebur mai tabo, cewa za su yi marainiya ce, ba ta da mai yi mata. Ni ba za a faɗi wannan ina da rai ba."

Kada ku ga laifin Gwaggo. Duk wadda ta taɓa zuwa ganin ɗakin amarya ta san gaskiya ta faɗa. Mai sayen ƙarfe ya zo, ya ɗaga keken ya jijjiga, ya yi tayin kuɗin da bai kai na buhun masara ba, ya ce teburin kuwa mu hura wuta da shi. Na roƙi Gwaggo ta ba ni mako uku. Ta ce ta ba ni, amma in ya cika ba ta ga abin kirki ba, kada in sake ta da maganar.

Na fara zuwa wurin wani dattijon kafinta, Bagbagyi, mai rumfa a bakin titi. Ya zo gida ya kankare gefen tebur kaɗan da wuƙa, ya duba, ya ce, "Malama, wannan ba katakon ƙasarmu ba ne. Ok ne." Ya nuna mini alamunsa biyu. Ta fari, 'yan ramuka ƙanana dogaye jere da juna, kamar an tsattsaga da bakin allura. Ta biyu, wasu tabbai masu sheƙi da ke gilmawa a jikinsa kamar zanen damisa. Ok babban itace ne na ƙasashen sanyi, Turai da Amurka, ba ya tsiro a dazuzzukanmu na doka da maɗaci. Yana da nauyi da ƙarfi, da shi mutanen Ingila su ke gina jiragen ruwa a zamanin da. Ya kuma gargaɗe ni cewa saman teburin ɓawon ok ne siriri, bai fi kaurin farce ba, an manna shi a kan wani katako. In na matsa da gugar samfefa zan huda shi. Shawararsa ita ce a shafe shi da baƙin fenti, kwana ɗaya an gama.

Na kwana ina juya wannan shawara. Fenti zai rufe tabon, amma zai rufe zanen itacen duka, tebur ya koma kamar allon aji. Kuma wurin da hannu da yadi ke goga kullum, ba a daɗe fenti zai soma ɓarewa. Cikin wannan tunani sai wata tambaya ta faɗo mini. Ƙarfe in ya yi tsatsa a kan siminti ko a jikin farin zane, ja ya ke bari. To, don me a kan wannan tebur ya bar baƙi?

Amsar tana cikin abin da aka koya mana a kwaleji, na rubuta a jarrabawa na manta. Akwai wani sinadari a cikin itatuwa da yawa, masana suna kiransa tanin. Kun san shi da harshenku ko da ba ku san sunansa ba: shi ne baurin da ke ɗaure baki in kin tauna goro, ko ɗanyar kanya, ko kin sha shayin da ya yi ƙarfi. Wannan bauri in ya gamu da ƙarfen da ya narke cikin ruwa, sai su haɗu su zama wani abu sabo, baƙi mai ɗan shuɗi. Itacen ok kuwa cike ya ke da bauri. Watau ruwan sama ya narkar da ƙarfen gwangwani kaɗan, baurin katako ya kama shi, suka rina wurin. Shi ya sa sabulu ya kāsa, domin ba dauɗa ba ce a sama, rini ne a cikin tsokar itacen. Nan na ce wa kaina, tun da ruwa ya rina wuri biyar ba da shawarata ba, bari ni in rina sauran da gangan, tabo ya ɓace cikin ɗan'uwansa.

Domin gaskiya sai in gaya muku akwai wata hanya. Akwai wani farin gari mai guba, asid na okzalik, wanda masu gyaran katako ke wanke irin wannan tabo da shi. In tabonki ɗaya ne ƙarami, wannan ya fi. Nawa ya yi yawa, ga kuma aljihu ɗaya da ya taɓa karyewa aka sāke shi da farin katako, launinsa dabam. Baƙi ne kaɗai zai haɗa su duka su zama abu guda.

Na tafi Kasuwar Barci a Tudun Wada neman bagaruwa, a nan na gamu da wani tsohon baduku yana ɗinkin kube. Da na ba shi labari sai ya yi dariya, ya ce, "'Yata, ai kuloko ki ke nema. Sai da ki ka je kwaleji ki ka ji shi?" Ashe abin da na ɗauka ilmin littafi ne, sana'ar kakanninmu ce. Majema su kan jeme fata da 'ya'yan bagaruwa, fatar ta sha bauri. Dukawa kuma su kan samo kashin maƙera, su jiƙa shi da ruwa da wani abu mai zaƙi ko tsami, su bar shi kwanaki. Wannan ruwa shi ne kuloko. Ya ɗauko guntun jan fata, ya tsoma tsinke ya ja layi, ina kallo layin ya rikiɗe ya yi baƙi. Baƙin zanen da ku ke gani a jikin jakunkuna da titimi da a ke sayarwa a Kofar Wambai a Kano, asalinsa ke nan. Lalle da tsohuwar zuma a ke magani.

Ba mu kaɗai muka san wannan asiri ba. A ƙasar Mali matan Bambara suna da wani zane da su ke kira bogolan. Su kan tsoma saƙi cikin ruwan ganyen marke, ya yi rawaya, sa'an nan su yi zane a kansa da taɓo mai ƙarfe a ciki wanda aka ajiye ya daɗe. In an wanke taɓon, baƙi ya zauna. A Turai kuma shekaru ɗaruruwa tawadarsu ke nan: wani ƙullutu mai bauri da ke fitowa a jikin itacen ok, da gishirin ƙarfe, da ƙaro. Da irinta aka rubuta takardar alkawarin nan ta Magna Carta wadda Sarki Jon na Ingila ya amince da ita a 1215, har yau kuwa rubutun yana karantuwa. A Ailan da Ingila a kan haƙo gungumen ok da ya yi dubban shekaru a binne cikin fadama, a tarar ya yi baƙi har ciki, don ruwan fadamar na da ƙarfe. Sa'an nan a shekarun 1870 da 1880 baƙaƙen kujeru da kabad suka zama abin yayi a gidajen Ingila, kafintoci suka riƙa rina katako don ya yi kama da baƙin itacen nan mai tsada da a ke yin baƙaƙen maɓallan piyano da shi. Wannan itace kuwa ɗan'uwan kanyarmu ne.

To, ga yadda na yi, har da kurakuraina, don kada ku maimaita su.

Da fari, ruwan ƙarfe. Ki sami ruwan khal fari na kanti, irin wanda kashi 5 cikin 100 nasa tsami ne, rabin lita. Ki sami soson ƙarfe mai laushi na kafintoci, curi ɗaya, ki wanke shi da sabulu don a kan shafa masa mai. Ki yayyaga shi ki zuba a kwalba mai faɗin baki ko roba, ki tsiyaya khal ya rufe shi. Kuskurena na fari, na ɗauko soson wanke tukunya mai walƙiya. Kwana huɗu yana ciki bai ko canza ba, domin irin ƙarfen da ba ya tsatsa ne. In ba ki sami na kafintoci ba, tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa sun yi, sai dai sun fi jinkiri. Farar ƙusar rufin kwano ba ta yi, don an lulluɓe ta da tutiya.

Kuskurena na biyu ya fi haɗari. Na murɗe murfin robar tam, na ajiye bayan ƙofa. Da safe na tarar ta kumbura kamar cikin kwaɗo, da na taɓa murfin sai ya yi tsalle, ruwa ya fantsama a bango. Khal in yana cin ƙarfe wata iska ta ke fita, haidurojin, mai kama wuta ce kuwa. Saboda haka ki huda murfin, ko ki rufe bakin da tsumma ki ɗaure. Ki ajiye a waje inda iska ke kaɗawa, nesa da murhu, nesa da hannun yara. Bayan kwana uku zuwa mako guda soson zai narke. Ki tace da tsumma sau biyu. Kada ki yi mamaki in kin ga ruwan ba baƙi ba ne. Nawa fari-fari ya fito, daga baya ya koma kalar shayi. Baƙin sai ya gamu da bauri ya ke bayyana.

Na biyu, ruwan bagaruwa. Ki daka busassun 'ya'yanta cikin tafi biyu, ki fitar da ƙwallayen, ki dafa a lita ɗaya ta ruwa cikin tukunyar ƙasa, ya yi kamar rabin sa'a. Kada ki dafa a tukunyar ƙarfe, don tun a kan wuta zai yi baƙi ya lalace. Ki tace ya huce. In ba bagaruwa, baƙin shayi mai kauri ƙwarai ya kan taimaka, amma bai kai ta ƙarfi ba.

Na uku, shirya katako, nan ne wahalar ta ke. Ni da ƙanena muka kwance kan keken, da ƙafafun ƙarfe, da hannuwan aljihu, muka adana kowace ƙusa a gwangwani. Tilas a cire tsohon man ƙyalli duka, gama duk inda ya saura ruwa ba zai shiga ba, wurin zai fito fari. Tsofaffin kayan Turai da yawa da shalak a ke shafe su, wani irin ƙaro ne da wani ƙwaro ke fitarwa a itatuwan Indiya, sipirit kuwa yana narkar da shi. Na yi ta jiƙa tsumma da sipirit ina gogewa a tsakar gida, kwana biyu. Sa'an nan samfefa, mai lamba 180, da hannu, a hankali, ina bin tsawon zanen itacen, ban gilma ba ko sau ɗaya. Bayan wannan na shafe shi da tsumma mai ɗan laima, na bari ya bushe. Za ki ji ya yi kaushi, kamar gashi ya tashi. Ki kwantar da shi da mai lamba 220. In ba ki yi haka yanzu ba, gashin zai tashi bayan rini, ki zo gugarsa ki kankare baƙin.

Na huɗu, gwaji. Kada ki soma da fuskar kaya. Na juya tebur na shafa ruwan ƙarfe a ƙarƙashi, wuri kamar tafin hannu. Da fari ba kome, kamar na shafa ruwan randa. Kafin in ƙirga ɗari ya yi toka-toka, kafin rabin sa'a ya yi baƙi. Na yi guɗa ni kaɗai a tsakar gida. Amma da na gwada a jikin aljihun nan na farin katako, sai ya tsaya a launin toka, ya ƙi gaba, don ba shi da bauri nasa na kansa. Nan bagaruwa ta yi aikinta. Na shafa masa ruwanta sau biyu, na bari ya sha, yana da sauran laima na bi da ruwan ƙarfe, sai ga shi ya kamo 'yan'uwansa. Wannan ya nuna ko kayanki ba na ok ba ne, kina iya rina su. Maɗaci ya kan yi duhu da kansa, fararen katakai kuwa sai an ba su bagaruwa.

Da na ga haka sai na shafa wa teburin duka bagaruwa, don baƙin ya zo daidai ko'ina, kana ruwan ƙarfe. Ki lura da abu uku. Kowane ruwa da burushinsa ko tsummansa, in kin tsoma na wannan cikin wancan, kwalbar duka ta zama tawada. Kada ki yi ambaliya, musamman a kan ɓawo, don tsohon manne ba ya son ruwa, ɓawon ya kan kumbura ya ɗago. Kuma ki shimfiɗa buhu a ƙasa, ki sa tsohon zane, ki sa leda ko safar roba a hannu. Ni na yi sakaci, na je aji da baƙaƙen farce, yara suna tambayata wane irin lalle ne wannan. Lemun tsami ya rage shi, sauran sai da farce ya tsiro.

Sau biyu na yi wannan shafi, kwana ɗaya tsakani. Ran da na biyu ya bushe, ran nan Gwaggo ta zo, saura kwana huɗu wa'adina ya cika. Ku sani, rinin nan in ya bushe ba ya da kyan gani ko kaɗan. Ya kan yi dusu-dusu, shuɗi-shuɗi, da wani gari a sama kamar an barbaɗa toka. Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Innalillahi! Da mai tabo ne, yanzu kin mai da shi gawayi. Ko mai sayen ma ba zai karɓa ba." Ban iya ce mata kome ba. Da ta tafi na zauna na yi kuka, gama ni ma a ran nan ban tabbata ban hallaka abin uwata da hannuna ba.

Da na share hawaye na tuna baduku ya ce fata ma haka ta ke yi kafin a shafa mata mai. Na jiƙa yatsa na taɓa gefe, wurin ya yi baƙi wuluk nan take. Hankalina ya komo. Na goge garin nan da busasshen tsumma sarai. Na yayyafa ruwa a daɓen ɗaki don ƙura ta kwanta, na rufe taga, gama lokacin hunturu ne, ƙura kuwa in ta faɗa kan ɗanyen banish ta zauna ke nan. Na shafa banish marar launi, siriri, ya kwana, na ƙara na biyu. Kada ki yarda ki sa man gyaɗa ko manja, ba su bushewa, sai su yi ɗanko su yi wari su tara ƙura. Bayan ya bushe sarai na ga 'yan ramukan nan na ok wasu sun saura fari-fari, domin ruwa bai shiga cikinsu ba. Na cika su da baƙin man takalmi, na goge, na bi da kakin zuma, na murza da tsohon ɗankwali har hannuna ya gaji.

Abin da ya fito baƙi ne mai zurfi, amma zanen itacen yana nan duka. In rana ta faɗo ta taga sai ki ga tabban nan masu sheƙi suna motsi a ƙarƙashin baƙin, kamar shadda. Zoben gwangwani da almakashi sun nutse. Siffar dutsen guga kaɗai, in kin san wurin kin kuma karkata kai, za ki iya hangen gefenta. Muka mai da kan keken, baƙi da zanen ruwan zinariya, sai ka ce tare aka yi su.

Ran da wa'adi ya cika Gwaggo ta zo. Ta zaga shi sau ɗaya, ta shafa da tafin hannu, ta jawo aljihu ta mayar. Ba ta ce ya yi kyau ba, Gwaggo ba ta faɗin haka. Cewa ta yi, "A kan teburin nan kakarki ta yanka mini zanen da na sa ran da aka kawo uwarki gidanmu." Ta yi shiru kaɗan, sa'an nan ta ce, "A sa shi kusa da taga, kada a kai shi lungu." Ran jere kuwa ba zan ɓoye muku ba, na sami labarin wata ta ce amarya 'yar boko da keken tsofaffi. Wata kuma ta tambayi inda aka sayo shi. Bakin mutane ba ya taɓa zama ɗaya. Ni dai a makon nan da na ke rubutu, na ɗinka labulen ɗakina a kansa.

Duk da haka akwai abin da na rasa, ya kamata ku sani kafin ku ɗauki burushi. Launin zuma da na sani tun ina rarrafe ya tafi, ba zai komo ba, wani lokaci na kan yi kewarsa. Rinin nan ba riga ba ce da za ki tuɓe gobe. Saboda haka kayan da ba su da aibu, ki bar su yadda su ke, ki shafa musu kaki kawai. Kayan gado na gida duka kuwa, kada ki taɓa sai kin nemi yardar manya. Kuma baƙin a fatar itacen ya ke, bai yi nisa ciki ba, in wuƙa ta karce shi sosai fari zai bayyana. Maganinsa ɗigon bagaruwa da ɗigon ruwan ƙarfe a bakin tsinke. Wuri ɗaya ne ban rina ba, watau cikin aljihun sama na dama. A nan Kaka ta rubuta awon wasu mata da fensir, ƙirji da tsawo da hannu, ba suna. Na bar shi yadda na same shi.

Ku matan aure, kafin ku ba mai gwangwan tsohuwar kujera ko akwatin katako, ku kankare gefe ku ga abin da ke ƙarƙashin dauɗa. Sau da yawa katakon da ya fi na kanti nesa, gama yawancin na yanzu garin katako ne aka matse aka lulluɓe da leda, damina ɗaya in ruwa ya taɓa shi sai ya kumbura. Ku kuma 'yan makaranta, ga aikin da na ba ku. Ku dafa shayi mai kauri, ku raba shi kofi biyu na gilashi, ku jefa ƙusa mai tsatsa a ɗaya, ku bar ɗayan haka, ku ajiye su kwana, ba na sha ba ne. Da safe ku gwada launinsu, ku rubuta abin da kuka gani da dalilinsa. In kuma akwai baduku ko majemi a unguwarku, ku gaishe shi da ladabi ku tambaye shi kuloko, za ku ji abin da ba ya cikin littafin aji.

Wadda ta gwada a kayan ɗakinta, ina roƙonta ta rubuto wa wannan fili ta gaya mana irin katakon da yadda ya karɓa, don sauran 'yan'uwa su ƙaru. Allah Ya sa albarka a hannuwanmu, Ya jiƙan iyayenmu da suka bar mana abin tunawa. Sai wani mako.